Ƙwallon da Baba Ya Ɗinka

Akwai wata jar ƙwallo a cikin kabat ɗin gilashi na falo, bayan tangaran ɗin mahaifiyarku, kuma na ji da kunnena abin da kuke gaya wa yaranku a kanta. Wai kakanku ya ɗinke laya a cikinta, shi ya sa duk wanda na jefa wa sai ya fita. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Rabi har wani ya ƙara gishiri, wai daga Tumbutu aka kawo layar. To ku buɗe kunne da kyau, don ba na son maimaita magana. Babu laya a cikin ƙwallon nan, ba a taɓa sawa ba, kuma sai da na yi asarar kofi guda kafin mutanen Accra su yarda da haka. Ba zan zauna ina ji ina gani 'ya'yan cikina su tono ƙaryar da na binne tun kafin a haifi rabinsu ba.

Mahaifina, Malam Garba, baduku ne. Daga ƙasar Sakkwato ya biyo fataken goro yana saurayi, ya iso Nima, unguwar Zangon Hausawa a Accra, ya shimfiɗa buzunsa a wata rumfa ta bakin kasuwa, bai sake naɗe shi ba sai da ajali ya zo. Takalma yake ɗinkawa, da kube, da jaka, da gidan laya. Gidan layar nan shi ya fi kawo masa mutane, kuma ba 'yan Zango kaɗai ba. Mutanen ƙabilun Ga da Fanti da Ashanti, masu zuwa coci da kwat ranar Lahadi, sukan lallaɓo da takardar da wani malami ya naɗe musu, Baba ya ɗinke ta a cikin fata, su ɗaura a damtse ƙarƙashin riga. Bai taɓa buɗe takardar kowa ba. Cewa yake rubutu na malam ne, shi nasa ɗinki. Yana da wani ɗan ƙarfe da ya gada wurin nasa uban, mai fitar da ɗigo uku da ɗan baka a samansu, kuma babu aikin da ke barin hannunsa sai ya buga masa wannan tambari. Ko facin takalmi ya yi, in ka juya za ka ga ɗigo ukun a wani lungu. Mahaifiyata, Mma Adiza, takan ce da yana da hali da mu ma ya buga mana a goshi ranar suna.

Ni kuwa Allah ya ba ni kan karatu, gwamnati ta ɗauke ni zuwa wata babbar makarantar kwana inda 'ya'yan lauyoyi da likitoci suke. Can na koyi kurket. Tun da na san ku ƙwallon ƙafa kawai kuka sani, bari in yi muku gwari-gwari. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mutum ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana kare su, wani ya taho da gudu ya jefo masa ƙwallo. In ya doke ta ta yi nisa, sai ya yi ta gudu yana tara maki. In ta kaɗe sandunan, ko ya ɗaga ta sama aka cafe, ya fita ke nan, wani ya shigo. Sai an fitar da mutum goma ake cewa an gama da ƙungiya. In rana ta faɗi ba ku gama fitar da su ba, canjaras aka yi, ko da kun tsere musu a maki nesa ba kusa ba. Wannan ta ƙarshen ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

A makarantar nan kuma na koyi jin kunyar rumfar ubana, kuma yau ina faɗa ina jin ɗacinsa a bakina. Makon farko aka tambaye ni aikin mahaifina. Na riga na ga yadda suke tsokanar wani ɗan Zango da ya riga ni zuwa, suna miƙa masa takalmansu wai ya goge, sai na ce mahaifina yana harkar fatu. Suka ɗauka irin masu loda fatu a jirgin ruwa ne zuwa ƙasar Turai. Ban yi ƙarya ba, amma ban gyara musu ba, kuma mai hankali ya san Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Duk ranar ziyarar iyaye sai in aika gida cewa hanya ba kyau, kada Baba ya wahalar da kansa. Shekara biyar bai taɓa ganin ƙofar makarantar ba, bai kuma taɓa tambayar dalili ba.

Da na gama na samu aikin akawu, sai na shiga ƙungiyar kurket ta tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Kowace Asabar muna karawa da tsofaffin ɗaliban wasu makarantu, a ƙarshen kakar wasa a ba wanda ya fi kofi. Kyaftin ɗinmu Lauya Kwate ne, mutumin Ga, mai tumbi da dariya, mai son cin wasa kamar ransa. In an tashi yakan rage mini hanya a tsohuwar motarsa, ni kuwa kullum sai in ce ya sauke ni a mahaɗar Kawukudi, wai zan biya wurin aboki. Daga nan in taka da ƙafa har Nima, da jakar kayana a kafaɗa. A gida kuwa wasan nan abin dariya ne. Mma muciya take kiran katakona, har ta taɓa rantsuwa ranar da tata ta karye da shi za ta tuƙa tuwo. Mahaifiyarku, tana amarya a lokacin, masifarta ɗaya ce, jan tabon da ke cinyar farin wandona, don mai jifa a jikin wando yake goge ƙwallo. Baba kuwa sau ɗaya ya yi magana, da na gama yi masa bayani.

"Ƙarti ashirin da biyu su sa fararen kaya kamar masu zuwa Idi, su tsaya a rana tun hantsi har magariba, sannan a ce ba wanda ya ci? Sulemanu, ko jaki ba zai yarda da wannan ba."

Sai aka shiga shekarar yunwa, shekarar da gonaki suka ƙone kuma aka koro mutanenmu daga Najeriya. Kanti ya zama kango. Sabulu sai an bi layi, sukari sai labari, to ina batun ƙwallon kurket da sai daga Ingila ake kawo ta? Kowace ƙungiya ta yi ta lallaɓa tsofaffin nata har suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Manyan wasan suka zauna suka yanke cewa duk ƙwallon da nauyinta da girmanta suka yi daidai a yi wasa da ita, ko wa ya yi ta, amma ƙungiyar da ta zo hannu rabbana an cinye ta. Tamu ta ƙarshe a wasa na biyu ta wage baki. Lauya Kwate ya riƙe ta a tafin hannu kamar an miƙo masa gawar ɗan tsako, mu goma muna zagaye da shi. Nan ne bakina ya riga hankalina, na ce akwai wani tsoho baduku a unguwarmu, bari in gwada kai masa. Haka na faɗa, wani tsoho.

Baba ya karɓe ta ya juya, ya shinshina, ya farke sauran ɗinkin ya leƙa. A ciki wani dunƙule ne mai kama da totuwa, an naɗe shi da zare tam. Ya daɗe yana kallon ɗinkin Bature, layi shida a jere, sannan ya ce wanda ya yi wannan ya sha nonon uwarsa. Kwana uku ya miƙo mini ita cikin jar fatar akuya, tana sheƙi kamar tumatir. Na kai fili ina taƙama. Duka na uku ta fashe, fata ta yi gabas, dunƙulen ya yi yamma. Da na dawo da gutsattsarin, Mma ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe muciya ta fi basilla. Baba kuwa kwana biyu ko hirar bayan isha'i bai fita ba. A rana ta uku ya kira ni rumfa, shi da ya ce jaki ba zai yarda da wasan ba, ya tsare ni da tambaya. Da wane ƙarfi ake jifa? A kan me take faɗuwa? Wane gefe ke shan duka? Na amsa har maƙogwarona ya bushe, ya sa na yi masa jifan a tsakiyar kasuwa, masu goro suna ta shewa.

Wannan karon kirgin saniya ya samo. Ya jiƙa shi, ya danna a cikin wani tsohon ludayi har ya ɗauki siffa. Wajen rini ne aka yi rikici, don karan dafin da Mma ke rina shinkafa da wakenta na sayarwa ya kwashe. Ta biyo shi har ƙofar gida tana faɗa, ya ce mata ai shinkafar ma babu ita a kasuwa, me za ta rina, ruwa? Ya murza zare da kakin zuma, ya ɗinka layi shida, ya kai wurin maƙerin zinariya na kusa da shi aka auna nauyi. Da ya gama ya ɗauko ɗan ƙarfensa ya buga ɗigo uku kusa da ɗinkin. Na gani da idona, ban kuma kawo komai a raina ba, don tun ina rarrafe nake ganin tambarin nan a jikin kowane abu na gidanmu.

Yanzu bari in faɗi gaskiyar da ba na faɗa a majalisa. Ni ba wani gwanin jifa ba ne. Ana ba ni ƙwallo ne idan gwanayen sun gaji. Amma ɗinkin Baba ya ɗan fi na Bature tudu, kuma hannuna da na kowa sai ya fi dacewa da shi. In na kama ta a kan ɗinkin na saka, musamman da la'asar lokacin da iskar teku ta taso, sai ta taho tiryan-tiryan, ta zo dab da mai duka ta karkace kamar akuyar da ta hango mahauci. Alƙalan wasa suka auna, suka gwada, suka ce babu laifi. Asabar ta farko na fitar da mutum shida. Lauya Kwate ya rungume ni har numfashina ya ɗauke. Muka ci tsofaffin ɗaliban nan, muka ci na can, mu da a da ake kiranmu sadaka. Ba mu da shayin sha a hutun rana, sai garin rogo da ruwa da ɗan gyaɗa, kowa wandonsa ya yi masa yawa saboda rama, amma wallahi ban taɓa jin daɗin kakar wasa kamar wannan ba. Lauya ma tumbinsa ya zube har ya fara iya gudu.

Wata Asabar ya buɗe bayan motarsa ya ba ni gwangwanin madara biyu, abin da a shekarar nan ya fi kyautar rago, ya ce in kai wa tsohon nan. Na kai na ajiye gaban Baba, na ce mutanen ƙungiya suna gaisuwa. Ya dubi gwangwanayen, ya dube ni.

"Da suka tambaye ka wanda ya ɗinka, me ka ce musu?"

Na ce na gaya musu aikin Nima ne. Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙa wa Mma madarar, ya ci gaba da huda takalmin da ke hannunsa. Na tashi ina jin kamar an kwara mini ruwan sanyi, amma ban gyara ba.

Wasan ƙarshe da tsofaffin ɗaliban wata makarantar bakin teku ne. Sun ɗan fi mu maki a kakar, don haka su canjaras ya ishe su ɗaukar kofi, mu kuwa sai mun ci. Mu muka fara duka, muka tara abin da muka tara, tasu ƙwallon da suke jefo mana ta sha wuya har ta zama kamar tsumma. Da muka fito jifa bayan azahar, sai na waiga gefen fili. Can ƙarƙashin wata darbejiya, nesa da rumfar manyan baƙi da matansu masu lema, ga Baba zaune a kan buzunsa, da babbar rigarsa ta Juma'a da jakar aikinsa. Daga baya Mma ta gaya mini cewa ya yi zai je ya ga yadda ɗinkinsa ke yi a wurin aiki. Ya hau torotoro biyu, motocin hayar nan na Accra, yana tambaya har ya iso. Na gan shi, ya ga na gan shi, na juya na gyara hulata. Har aka yi hutu ban taka na je na gaishe shi ba.

Ƙwallon kuwa ranar kamar ta san mai ita yana kallo. Kafin rana ta yi sanyi mun fitar da bakwai. Wanda ya tsaya mana a wuya wani ma'aikacin banki ne, Mista Ofori, dogo mai gashin baki. Na jefa masa wata, ya kai duka dama, ta bi hagu ta kaɗe sandar tsakiya. Takwas ke nan, saura biyu, ga kusan awa guda ta rana a hannunmu, kuma biyun da suka rage ko riƙe katako ba su iya ba. Maimakon Ofori ya fita, sai ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon yana juyawa, yana neman abin da ya ci shi. Sai na ga ya ƙame. Ya ɗaga ta sama ya kira alƙalin wasa, yana faɗa da Turanci da Fanti a haɗe cewa wannan ƙwallon asiri ce, an ɗinke laya a ciki, ga tambarin mai yin layu na Zango a jiki. Alƙalin, wani tsohon malamin makaranta mai sanƙo, ya tambaye shi ta yaya ya san tambarin mai layu. Mutumin nan, don zafin rai, sai ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Ga laya ɗaure a damtsensa, ga ɗigo uku da ɗan baka a jikinta.

Fili ya kece da dariya, har 'yan ƙungiyarsa. Wani daga cikinmu ya ce to ai tasa layar ce ba ta yi aiki ba, ya koma wurin malaminsa. Amma da dariyar ta lafa sai magana ta tsaya, don tambarin dai iri ɗaya ne, kowa ya gani. Kyaftin ɗinsu ya ce ba za su ƙara fuskantar wannan ƙwallo ba. Alƙali ya kira mu gefe ya ba mu zaɓi. Ko mu ajiye tamu mu ƙarasa da tsummar tasu, a rufe maganar a nan, ko kuwa a farke tamu a gaban kowa a ga abin da ke ciki, amma agogo ba zai tsaya jiranmu ba. Lauya Kwate ko tunani bai yi ba. Ya dafa kafaɗata, yana murmushi, ya yi ƙasa da murya.

"Sule, mutum biyu suka rage, ko da lemo muka jefe su za su fita. Mu ajiye ta. In an tambaya mu ce tsohon ne ya sa abinsa ba da saninmu ba. Wani baduku a Nima, wa ya san shi, me zai rasa?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, ku fahimce ni. Abin da na ba shi ne ya mayar mini. Na dubi darbejiyar nan. Mutumin da shekara arba'in bai taɓa buɗe takardar wani ba, gobe za a ce a Accra ya cusa asiri a kayan mutane a ɓoye, kuma ɗansa yana tsaye aka ƙulla. Ina son kofin nan, kada ku ɗauka ba na so, shekara takwas muna nemansa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cire hannun Lauya daga kafaɗata, na ce da ƙarfin da kowa zai ji:

"Mahaifina ne. Ga shi can zaune. A farke ta."

Na taka har gindin bishiyar, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ya kamata in yi tun da rana, na gaya masa abin da ake ciki. Ya naɗe buzunsa a tsanake, ya rataya jaka, ya biyo ni. Bai yi sauri ba. Da ya iso tsakiyar fili sai da ya bi kowa ya ba shi hannu, ya tambayi alƙali gida da iyali da gajiya, cikin 'yar Ga ɗinsa ta kasuwa. Da ya zo kan Ofori ya dubi damtsensa, ya ce ya gane aikin, amma igiyar ta fara sakewa, ya kawo ranar Litinin a gyara masa. Aka sake fashewa da dariya, Ofori ya sauke hannun riga da sauri. Wani ya miƙo reza a tsaga ƙwallon. Baba ya dube shi kamar ya ce a yanka jariri, ya ce shi ba ya yaga aikinsa. Ya shimfiɗa buzu a daidai inda ake jifa, ya zauna, ya fito da basilla, ya fara zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya.

Layi shida ne, na gaya muku. Lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki suka yi da'ira suna kallon hannun baduku, matan rumfa ma suka taso da lemominsu. Lauya Kwate yana duban agogo, yana duban rana, yana duban sama kamar mai neman wanda zai kai wa ƙara. Ni ma na sunkuya na ce Baba a ɗan hanzarta, ya ce in matsa ina tare masa haske. Da fatar ta rabu biyu ya miƙa wa alƙali ya duba, ya miƙa wa Ofori. Ofori ya ce ai a cikin zaren take. Baba ya ce madalla, ya ba shi bakin zaren ya riƙe, ya shiga warwarewa, Ofori yana ja da baya da zare a hannu har ya kusa bakin fili. A ƙarshe ba abin da ya rage sai ɗan dunƙulen da Bature ya sa tun a Ingila. Alƙali ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya cire hularsa ya ba Baba haƙuri a madadin kowa. Aka yi tafi, tafi sosai, irin wanda ban taɓa samu ba duk mutanen da na fitar.

Minti goma suka rage mana. Muka ɗauki tsummar tasu, na fitar da na tara. Na goman wani ɗan gajere ne mai tabarau, ya rufe ido ya kafa katako a ƙasa, ƙwallo ta yi ta dukan katakon tana faɗuwa a gabansa, har alƙali ya dubi sama ya cire sanduna. Canjaras. Suka ɗauki kofi, muna tsaye muna kallo, Baba kuma yana gefe yana mayar da zarensa kamar ba da shi ake ba.

Lauya Kwate ya shiga motarsa bai ce mini in zo ba, kuma wata guda cur ko gaisuwata ba ya amsawa. Wasu a ƙungiyar har suka mutu suna cewa na sayar da kofi saboda taurin kai, ba mu kuma sake kusantarsa ba, don shekarar da ta biyo ƙwallayen Ingila suka dawo, ni ma na koma ɗan jiran gwanaye su gaji. Amma wata safiya sai ga motar Lauya ta kutso cikin Nima, tana rabe kwata da tiren masu koko, har ƙofar rumfa. Ya fito da takalmin kotunsa da ya ɓare a hannu, ya cire hula, ya ce da Baba "Papa", ya zauna a kan benci har aka gama. Mma ta cika masa kwano da tuwo, ya ci yana gumi yana zagina, wai shekara takwas ina sauka a Kawukudi na hana shi wannan miya. Ofori ma ya zo ranar Litinin ɗin, ta ƙofar baya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne maganar da muka yi a torotoro ranar wasan, muna komawa gida. Mun matsu a kujerar baya, jakata a cinyata, buzunsa a tasa. Haushin kofi yana cina, na kasa haƙuri, na ce Baba, da ka ɗan yi sauri ai da mun samu duka biyun. Bai dube ni ba. Ya fito da ƙwallon daga aljihu, ya riga ya mayar da layi biyu, yana shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Ni na ɗinka ta, Sulemanu. Da na so, kafin ka ƙirga ɗari na farke ta."

Na ce to me ya sa.

"Tun kana ɗan shekara goma sha uku nake jiran ka kira ni gaban mutanen nan. Da ka kira, sai na ce bari su kalle ni su ƙoshi."

Yaron mota yana ta kiran Kawukudi, Kawukudi, akwai mai sauka? Baba ya ɗan zungure ni da gwiwar hannu, ya tambaye ni ko zan biya wurin abokin nan nawa. Ashe har wannan ya sani. Na ce a'a, Baba, gida za ni. Ya sa mini ƙwallon a hannu, muka wuce.